Yadda Ake Haɗa Madarar Jarirai a Kwalba da Sanyaya Ta Cikin Aminci

Garin madarar jarirai, komai tsabtar masana'antar da ta sarrafa shi, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Cronobacter da Salmonella, kuma ta farkon takan jawo sanƙarau ko gurɓatar jini, musamman ga bakwaini da jaririn da bai cika wata 2 ba. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2007, ta ce a haɗa garin da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ba. Tafasa ruwa a bar shi ya huce sarai kafin a zuba gari bai wadatar ba, domin zafin ne ke kashe ƙwayoyin da ke cikin garin kansa.

Da farko a wanke hannu da sabulu, a wanke kwalba da kan robarta da murfinta da buroshi, sannan a tafasa su na minti 10. A kula da cikin kan robar sosai, don nan ne ragowar madara ke maƙalewa.

Sai a tafasa ruwa mai tsabta, a sauke, a yi amfani da shi kafin ya wuce minti 30. Ruwan ake fara zubawa a kwalba har ya kai layin da ake so, daga baya a sa gari da cokalin da ya zo cikin gwangwanin, ana share samansa da bayan wuƙa mai tsabta ba tare da an danna ba. Bai kamata a saɓa wa ma'aunin da ke jikin gwangwani ba ko kaɗan. Idan gari ya yi yawa, ƙodar jariri za ta wahala kuma ruwan jikinsa zai ragu. Idan kuwa aka tsinka madarar don gwangwani ya daɗe, yaro zai sha ya cika ciki amma ya yi ta ramewa. A rufe kwalbar, a girgiza har garin ya narke.

Sanyayawa kuma da gaggawa ake yin ta, domin madara mai ɗumi-ɗumi da aka ajiye a fili ita ce ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa a ciki. A tara kwalbar a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi, ko a tsayar da ita cikin kwano mai ruwan sanyi ko ƙanƙara, amma kada ruwan ya kai ga murfi. A goge jikinta, a ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu. Idan an ji ɗumi kawai ba zafi ba, ta yi daidai.

Abin da ya fi shi ne a haɗa sabuwa duk lokacin shayarwa. Idan dole ta sa an haɗa tun da wuri, a sanyaya ta nan take, a sa a can cikin firji mai sanyin digiri 5 ko ƙasa da haka, kada ta wuce awa 24. Wajen ɗumama ta a tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, kada a wuce minti 15, kuma a guji na'urar maikurowef, wadda ke barin wani sashen madarar da zafin da zai ƙona bakin jariri. Wadda ta kai awa 2 a waje, da ragowar da yaro ya bari, zubar da su ake yi.