Yadda Za a Gane Hawan Jinin Jijiyoyin Huhu da Kula da Shi

Matsalar tana farawa ne daga siririyar fatar da ta shimfiɗe cikin jijiyoyin jini na huhu. Idan lafiyarta ƙalau, tana fitar da sinadarai biyu, naitirik oksaid da furostasaikilin, waɗanda ke buɗe jijiya su kuma hana jini daskarewa. Idan ta lalace sai waɗannan su ragu, sinadarin endotilin mai matse jijiya ya yi yawa, bangon jijiyar ya yi kauri, har ɓangaren dama na zuciya ya gaji da tura jini ta ƙuntatacciyar hanya.

Saboda haka, wanda numfashinsa ke sarƙewa da ɗan aiki kaɗan, ko yake suma, ko ƙafafunsa ke kumbura, ya je asibiti ba tare da jinkiri ba, musamman mai tsargiya, ƙanjamau, ko ciwon zuciya na haihuwa. Na'urar awon hawan jini ta hannu ba ta nuna wannan cuta, kuma abin takaici, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ana fara da hoton zuciya, sannan a tabbatar ta hanyar zura siririn bututu cikin zuciya. Matsakaicin matsin jini a jijiyar huhu da ya haura 20 mmHg (ma'aunin matsin jini) shi ne ke nuna cutar.

Magungunan suna gyara abin da fatar ta kasa: sildenafil yana ƙarfafa aikin naitirik oksaid, bosentan yana toshe endotilin. Mai shan bosentan ya riƙa gwajin hanta kowane wata, mace kuma ta guji ɗaukar ciki. Kada a daina magani kwatsam sai da umarnin likita.