Darasi na 7: Na'urar Daidaita Bugun Zuciya

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana zaune. Wata 'yar wutar lantarki ce da jiki ke samarwa take sa ta bugawa. Idan hanyar wannan wuta ta lalace, galibi saboda tsufa, sai bugun ya ragu, wani lokaci har ƙasa da 40. Mutum ya riƙa jin jiri da kasala da haki, ko ya yanke jiki ya faɗi, can kuma ya farfaɗo. A gida sai a ce tsufa ne, wasu ma su ce iska. Kafin a yanke hukunci, a kai shi asibiti a yi masa gwajin zuciya.

Akwai na'urar da ke gyara wannan matsala. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Likita yana kashe zafin wurin da allura, ya sa ta ƙarƙashin fata a saman ƙirji, ya zura siririyar waya ta jijiya har cikin zuciya. Duk lokacin da bugu ya yi jinkiri, sai ta zaburar da shi. A ƙasar Suwidin aka fara dasa ta a 1958, kuma wanda aka dasa wa ya rayu har 2001. Akwai 'yar'uwarta da aka fara dasawa a Amurka a 1980. Ita idan zuciya ta rikice da gudu, girgiza ta take yi da wuta ta dawo daidai.

A ƙasashen Turai da dama, cikin mutum miliyan ɗaya ana dasa wa ɗaruruwa a shekara, don tsofaffi sun yi yawa, inshora kuma ke biya. A yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba a kai goma ba. Ba ciwon ne babu ba. Tsada ce, da ƙarancin likitocin zuciya.

Idan an dasa wa wani a gidanku, kada ya ɗaga hannun gefen da aka dasa na'urar sama da kafaɗa ko ya ɗauki kaya mai nauyi na 'yan makonni, har likita ya ba shi izini. Kada ya sa wayar salula a aljihun ƙirji, tazarar santimita 15 ake so. Ya nisanci walda, kada kuma ya jingina da janareta tana aiki. Katin da asibiti ya ba shi ya zauna a jikinsa, musamman in zai shiga jirgi. Batirin yana yin shekaru, amma sai an riƙa zuwa ana dubawa. Wurin dasawar in ya kumbura, ya yi ruwa, ko zazzaɓi ya taso, a koma asibiti ranar.

Aikin yi: Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, gefen babban yatsa. Dubi agogo, ka ƙirga bugun na minti ɗaya cur. Rubuta lambar a littafinka. Gobe ka ƙirga na dattijon gidanku, ka rubuta a ƙasan naka.