Koyar da Turanci a ƙasar waje: yaushe za ka fara neman aikin?

Galibi makaranta ba ta neman malami a watan da za ta buɗe, kafin nan ta riga ta cike gurabenta. Saboda haka ka fara sanin ranar komawa makaranta a ƙasar da kake so, sannan ka yi lissafinka daga nan zuwa baya.

A Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ana komawa ne wajen ƙarshen Agusta, kuma galibin ɗaukar malamai tsakanin Janairu ne da Afrilu. Turkiyya da Biyetnam sai Satumba. Tailan ta fita daban: shekarar karatu tsakiyar Mayu take farawa, zango na biyu kuma a Nuwamba, don haka Maris, Afrilu da Oktoba ne kakar neman aiki a can. Koriya ta Kudu kuwa kada ka wahalar da kanka, bizar malamin Turanci ta E-2 an tanade ta ne ga 'yan ƙasashe 7, kuma babu Najeriya a ciki.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen takardu, domin kowace da wa'adinta. Fara da masu daɗewa. Tun saura wata 10 zuwa 12 a buɗe makaranta ka duba fasfo, in ya kusa ƙarewa ka sabunta shi. A lokacin ne kuma za ka nemi cikakken sakamakonka daga jami'a, wanda kan ɗauki watanni, ka haɗa da shaidar hidimar ƙasa da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Kwas ɗin TEFL (koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne) na awa 120 shi ne mafi ƙarancin abin da makarantu suka saba nema. CELTA, shaidar koyar da Turanci ta Cambridge, ta fi shi daraja, ana gama ta cikin mako 4 zuwa 5 in ba ka haɗa ta da wani aiki ba. Sakamakon IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, shekara 2 yake yi, ba matsala in ka rubuta da wuri.

Daga nan sai tantance takardu a Abuja: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sai Ma'aikatar Harkokin Waje, sai ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Ba a tsallake ɗaya, kuma da wuya tafiya guda daga Kano ta gama maka su.

Takardar shaidar hali ta 'yan sanda da gwajin lafiya, su kam a bar su sai kwantiragi ya zo hannu. Wa'adinsu gajere ne, in ka yi gaggawa sai su mutu kafin biza ta fito, ka sake biyan kuɗi.

Ka riƙa duba kalandar Musulunci ma. Da azumi ana rage awannin aiki a ƙasashen Larabawa, ofisoshi kuma suna rufewa hutun sallah, takardar mako biyu sai ta kai wata. Ranar ganawar neman aiki ta intanet ka tuna Riyad ta riga Kano da awa 2, Dubai da 3, Bankok da 6. Ƙarfe 10 na safiyar Bankok ƙarfe 4 ne na asuba a nan, ka kwana da cikakken caji da data.

Idan kaka ta wuce ka, akwai 'yan gurabe da kan ɓullo a Yuli da Agusta in wani malami ya fasa zuwa, amma wanda takardunsa ke hannu ake kira. Ejan da ya ce ka shiga da bizar Umara ko ta yawon buɗe ido ka fara aiki kafin a gyara maka, rabu da shi. Aiki da irin wannan biza laifi ne, ƙarshenta kamu da dawo da mutum gida.