Yadda zaka yi rayuwa a ramin tonon tarihi a Ingila in ka je a matsayin ɗalibi

Abun da ya kamata ka fara cirewa daga ranka shi ne wai zaka je tonon zinare ko tukunyar dukiya. Leburanci zaka je yi, leburancin da ake haɗawa da rubutu da awo, kuma kai zaka biya kuɗin gurbi da na masauki, ba biyanka za'a yi ba. In ka yarda da wannan tun daga gida to sauran duk mai sauƙi ne.

Zan yi maganar ne akan Vindolanda, wani kufan barikin sojojin Rumawa a arewacin Ingila, yankin Northumberland, dab da Katangar Hadrian, katangar da sarkin Rumawa Hadrian ya sa aka yi, wadda aka fara ginawa a shekara ta 122 miladiyya, tsawonta wajen kilomita 117. Barikin ya ma girmi katangar, tun wajen shekara ta 85 aka kafa na farko, daga nan aka yi ta rushewa ana sake ginawa akan na baya har sau tara. Wata gidauniya ce da aka kafa a 1970 take riƙe da wurin, kuma duk shekara daga Afrilu zuwa Satumba suna ɗaukar ɗalibai da masu sa kai, rukuni rukuni, sati biyu biyu. Guraben nan ƙarewa suke kamar me in an buɗe rajista, don haka ranar ka tanadi data da caji ka zauna akan wayarka tun kafin lokaci. Maganar biza kuwa, bizar baƙo ta Birtaniya ta yarda mutum ya yi aikin sa kai har kwana 30 a ƙungiyar jinƙai mai rajista, amma ka karanta sharuɗɗan da kanka a shekarar da zaka tafi, kar ka dogara da ejan.

Kaya. Ka manta da kwalliya. Takalmi mai ƙarfi wanda ruwa baya shiga, rigar ruwa da wandonta, safar hannu, safar ƙafa mai kauri da yawa, hula, da kayan sanyi da zaka jera ɗaya kan ɗaya ka dinga cirewa in jiki ya ɗumama. Can ko a watan Yuli ana iya wuni ana yayyafi da iska, kuma yayyafi baya tsayar da aiki sai ruwa ya yi ƙarfi sosai. 'Yar'uwa, abaya da dogon hijabi zasu sha laka su dinga kamo ki a bakin rami, ki nemi doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai faɗi da ƙaramin hijabi da zai shige cikin rigar ruwa, ba wanda zai kalle ki sau biyu. Ka yi allurar tetanus kafin ka tafi. Kilishi da dambun nama kar ka wahalar da kanka, dokar ƙasar ta hana shigo da nama daga Najeriya ko Nijar, ƙwacewa za'a yi a filin jirgi. Yajinka dai ka ƙunsa da kyau don zaka gode wa Allah da shi.

Da safe ana taruwa, shugaban rami ya faɗi inda aka tsaya jiya da inda kowa zai shiga, sai a kwaso diga da shebur da bokiti da baro. Makaminka na kullum shi ne ɗan cokalin magini mai inci huɗu, kuma ba da tsininsa ake aiki ba, da gefensa ake kankare ƙasa, kana jawowa wajenka kana ja da baya a durƙushe yadda bazaka taka inda ka share ba. Gwiwa da kwankwaso da wuyan hannu sune zasu fara kai ƙara, kwana ukun farko jikinka zai ɗauka noman huɗa ka je yi. Ka dinga sauya zama, ka sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin gwiwa, bokiti kuma kar ka cika shi fal don nuna ƙarfi, ba wanda zai baka lambar yabo. Da hantsi akwai hutun shayi, da rana abinci, kafin ƙarfe biyar an tashi.

Yanzu ga ainihin karatun, kuma nan ne nake so ka nutsu. Ƙasa hawa hawa take, kowane hawa da launinsa da laushinsa, kuma kowanne ana bashi lambarsa da takardarsa da za'a cike, wane launi ne, yashi ne ko yumɓu, me ke samansa me ke ƙarƙashinsa, wane rami ne ya yanke shi. Ƙa'idar ita ce ka kwashe na baya-bayan nan kaf kafin ka taɓa wanda ya girme shi. Daga waɗannan lambobin ake zana jadawalin da wani masanin tonon tarihi Edward Harris ya ƙirƙiro a 1973 wanda ke nuna me ya riga me. Don haka da ka ga launin ƙasa ya sauya a ƙarƙashin cokalinka, tsaya cak ka kira shugaba, ko da kuwa ka kira shi sau goma tun safe. In kuma ka ga bakin wani abu ya leƙo, ƙarfe ko kasko ko fata, wallahi hannunka zai yi ƙaiƙayin zaro shi, kar ka kuskura. Share gefensa a hankali ka bar shi a kwance har a auna inda yake a ɗauki hoto a bashi lamba. Kwabon Rumawa da aka zaro ba'a san hawan da ya fito ba ya zama kayan ado kawai, amma wanda aka rubuta wurinsa shi zai faɗa maka shekarun daɓen da ke kansa, kuma ka tuna tono ɓarna ne, abun da ka kwashe ba mai mayar da shi, takardar da ka cike ita kaɗai zata rage.

Wanda ya yi aikin fili daga sashen akiyoloji, wato ilimin tonon tarihi, na ABU Zariya ko ya leƙa wuraren Nok ya saba da jar ƙasa mai tauri inda gara da zafi suka cinye komai sai kasko da dutse da kashin tama. A Vindolanda labarin daban ne. Duk lokacin da Rumawa zasu sake gini sai su danne na baya da yumɓu da ƙasa, iska ta daina shiga, ga damshi, shi ya sa hawan ƙasa-ƙasa ya adana itace da fata da tufa kusan shekara dubu biyu. An ciro takalma sama da 5,000, har da na mata da na jarirai, a 2017 kuma aka samu safar dambe ta fata. In aka kai ka wannan hawan cokali baya aiki, da shebur ake yanko ƙasar guntu guntu a ɗora a baro, ku tsaya a kai kuna ɓarewa da yatsu a hankali. Baƙa ce ƙirin, cike da ciyawa da bambaro da suka shimfiɗa a ɗaki, ga wari na turken dawaki da zai bi ka har cikin hanci har dare. A irin wannan ne Robin Birley, mai jagorantar tonon wurin a lokacin, a 1973 ya ga wasu siraran fallayen itace ya ɗauka sassaƙe ne, da ya raba biyu sai ga rubutun tawada. Wasiƙu ne. Akwai wadda Claudia Severa ta gayyaci ƙawarta Sulpicia Lepidina bikin zagayowar ranar haihuwarta wajen shekara ta 100, akwai wadda aka aiko wa wani soja safa da takalma da kamfai, kaga sanyin nan ba kai ya fara dama ba. Allunan nan da iska ta buge su sai su yi baƙi rubutun ya ɓace sai da kyamara ta musamman ake sake ganinsa, don haka duk siririn itace mai santsi da ka gani kar ka goge da yatsa, kar ka bari ya bushe, ɗaga hannu kawai a kawo ruwa da roba.

Gaskiya mafi yawan ranaku ƙashin shanu da ƙusa da fasassun tukwane zaka yi ta samu. Ranar da aka tura ka wanki, da tsohon buroshin haƙori da ruwan sanyi ake wanke kasko, kowane tire da lambarsa kar ka haɗa biyu. Ƙarfe ba'a wanke shi. Zaka gane jan kasko mai sheƙi da ake kawowa daga ƙasar da yanzu take Faransa, wani har da hatimin maƙerinsa a gindi. Ƙashin da ka yi zargin na mutum ne kuwa ba naka bane, akwai doka akai, faɗa wa shugaba ka ja gefe.

Sallah sai ka tsara mata. A watan Yuni rana bata faɗuwa sai wajen goma saura na dare, kafin biyar na safe kuma ta fito, tsakanin isha'i da asuba ɗan taƙi ne, in baka yi dabarar barci da yamma ba zaka yi gyangyaɗi a rami. Azahar tana dacewa da hutun abinci, ranar farko ka gaya wa shugaba kana buƙatar minti goma da ɗan lungu, ba ruwansu da ƙyashi akan wannan. Buta babu, gorar ruwa ita ce butarka. Masallacin Juma'a sai Newcastle ko Carlisle, jirgin ƙasa na bi ta Bardon Mill da Haltwhistle da Hexham, sai ka nemi izini tun farkon sati. Naman halal ma can zaka saya. Biredin da ake cusa wa nama ka tambaya kafin ka gatsa don naman alade ya yi yawa a ciki, kifin gwangwani da ƙwai da wake da dankali sune rufin asiri.

Da yamma abokan aiki gidan giya suke zuwa hira, can ne ma ake jin labarin guraben karatu da wane farfesa ke neman ɗalibi. Wannan kai da zuciyarka ne, wasu na zuwa su sha lemo, wasu basa zuwa, in baka zuwa to ka rama a hutun shayi, kar ka koma gefe da waya kullum. Masu yawon buɗe ido kuma zasu tsaya a bakin shinge suna tambayarka ko ka samu wani abu yau, ka amsa da fara'a, kuɗin tikitinsu na cikin abun da ke riƙe da aikin.

Ka ajiye ɗan littafinka kana rubuta abun da ka koya kowace rana, zane da awo da cike takarda, don shi zaka nuna in kana neman digiri na biyu. Hoton abun da aka tono kar ya hau Facebook ko sitatus sai an baka izini. Ko ɗan tsinken kasko kar ya shiga aljihunka da sunan tsaraba. Ranar ƙarshe ka tambayi shugaban raminka ko zai yarda ka sa sunansa a matsayin mai shaida, ka karɓi imel ɗinsa a take, sannan ka wanke lakar takalminka tas ka busar kafin ka cusa a akwati.