Kafin ka sayi fom ɗin MBA, fara leƙa malaman da za su shiga maka aji

Duk shekara da an fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri sai abokai su dame ni da tambaya, wai wace jami'a ce ta fi a MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, Kano ko Zariya ko kuwa mutum ya haɗa jakarsa ya tafi Legas kawai. Ni dai amsata ɗaya ce, bar zancen sunan makaranta tukuna, su waye ke shiga aji? Makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero gini ne na gani na faɗa, a 2018 aka buɗe shi, ABU ma tana da tata a Zariya har da tsarin karatu daga nesa, Lagos Business School kuwa tun 1991 take aiki, to amma wanda zai tsaya gabanka ranar Asabar da safe yana warware maka yadda ake karanta takardar riba da asara ta kamfani, ai saboda shi za ka zuba kuɗinka, ba saboda tayil da iyakwandishan ba.

Abu na farko, nemo jerin sunayen malaman sashen. Yawanci yana shafin jami'ar na intanet, in babu ka taka da ƙafarka, za ka gan shi a allon sanarwa ko cikin ɗan littafin da ake ba sababbin ɗalibai. Sai ka san matakan nasu don kar a ruɗe ka. A jami'o'in Najeriya ana farawa ne daga mataimakin malami, a hau lakcara mai daraja ta biyu, sai ta ɗaya, sai babban lakcara, daga nan mataimakin farfesa wanda wasu jami'o'in ke kira Rida, sannan cikakken farfesa. Dakta kuma ba muƙami ba ne, shaidar digiri na uku ce, shi ya sa za ka ga dakta yana lakcara mai daraja ta ɗaya, wani daktan kuma saura ƙiris ya zama farfesa.

To ga inda tarkon yake. Sunan da ke kan takarda daban, wanda ke riƙe da alƙalamin rubutu a gaban allo daban. Za ka ƙirga farfesa shida ka ji daɗi, ashe ɗaya yana hutun shekara na bincike a wata jami'ar, ɗaya an ba shi kwamishina a jiharsu, ɗaya an ɗauke shi shugabancin wata sabuwar jami'a, sunansu dai na nan daram. Don haka ka samo lambar wanda yake cikin karatun yanzu, in da hali shugaban aji, ka yi masa tambayoyi kai tsaye: wa ya ɗauke ku kwas ɗin sarrafa kuɗi a samistar da ta wuce, sau nawa ya shigo da kansa, sau nawa ya turo wani, an fitar da sakamako a kan lokaci kuwa? Mutum biyu ko uku ka tambaya, don ɗalibin da aka kayar a jarabawa ba ya yabon malami ko da mala'ika ne.

Bayan nan ka buɗe Google Scholar, shafin da ke nuna takardun binciken da malamai suka wallafa, ka riƙa saka sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Yawan takardun ba shi ne abin dubawa ba, duba a kan me yake rubutu, kuma yaushe rabonsa da rubutun. Wanda takardarsa ta ƙarshe ta haura shekara goma, akwai yiwuwar takardun lakcarsa ma shekarunsu ke nan.

Malaman kasuwanci iri biyu ne kuma duka kana buƙatarsu. Akwai na bincike, waɗanda rayuwarsu duk a jami'a suka yi ta, su ne za su koya maka yadda ake tsara takardar tambayoyi da yadda ake zuba amsoshi a manhajar lissafi ta SPSS a fito da ma'ana. Akwai kuma waɗanda suka yi banki ko kamfani ko hukumar haraji kafin su dawo aji, sau da yawa za ka ga ICAN ko ANAN ko CIBN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci da ma'aikatan banki, a bayan sunansu. Sashen da babu irin na biyun nan ko ɗaya ni dai ina ja baya da shi, domin MBA karatun aiki ne. Salon koyar da shi da ya yi suna daga Harvard ta Amurka ya fito, a kawo labarin wani kamfani na gaske da matsalar da ya shiga, a ce ku zauna a kujerar manaja ku yanke hukunci. Salon yana da kyau wallahi, matsalar kawai idan malami bai san komai ba sai labarin Coca-Cola da Toyota da ya kwaso daga littafi, kai kuma da ka fita aji Kantin Kwari za ka koma, inda ake ba mutum dilar atamfa ta miliyoyi bashi babu takarda babu sa hannu, sai amana da sanin uban gidansa. Mun taɓa yin wani malami da ya shigo da rasit ɗin wani ɗan kasuwar hatsi na Dawanau, ya goge sunan, ya ce mu lissafa masa nawa buhun riɗi ya tsaya wa mutumin bayan kuɗin dako da lodi da hayar sito da abin da ɓera ya ci. Awa biyu muna gardama, ma'aikatan banki na cikinmu duk suka manta da kuɗin 'yan dako. Har yau lakcar nan ce ban manta ba.

Yanzu maganar sufabaiza, mai duba maka furojet ɗin binciken kammala karatu, wanda shi ne zai iya fitar da kai a kan lokaci ko ya sa ka ƙara shekara. A mafi yawan wurare sashe ne ke rabawa, ba kai ke zaɓa ba, amma taken bincikenka shi ke jan ka zuwa wani teburin. Ka ce za ka yi a kan bankin Musulunci, misali yadda Jaiz ta faro a 2012, to wajen masu wannan fannin za a kai ka. Ka ga ke nan kana da hannu a ciki, duba malamin da kake so tukuna sannan ka gina take a fanninsa. Kuma kar ka nace sai farfesa. Farfesa na da 'yan digiri na uku a wuyansa, ga taron majalisar jami'a, ga tafiya duba jarabawa a wasu jami'o'in, kai ɗan MBA kana can ƙarshen layi. Ni na yi wannan kwaɗayin, babi na biyu na aikina ya yi sati bakwai a but ɗin motar Malam, ranar da ya fito da shi har da tabon man ja a bango, abokina da aka ba wani babban lakcara matashi kuwa har ya kai babi na huɗu.

Ranar farko kar ka faɗa ofis haka kawai. Tura saƙo gajere, sallama, sunanka, lambar rajistarka, an haɗa ni da kai ranka ya daɗe, yaushe zan iya zuwa. In mace ce, ranki ya daɗe ko Malama. Kar ka kira da magariba ko ranar Juma'a ana shirin masallaci, kuma kar ka yi masa filashin don Allah. Ka tafi da take uku a shafi ɗaya, kowanne da layi biyu na dalilin da ya sa kake son sa da inda za ka samo bayanai, don tambayar farko da zai yi maka ke nan, wa zai ba ka alƙaluman? Kamfanoni da yawa ba sa buɗe littafinsu ga ɗalibi, gara ka ɗauki inda kake aiki ko kamfanin da ke kasuwar hannun jari, wanda dole ya wallafa rahotonsa na shekara.

Ka tambaye shi yadda yake son aiki, a takarda ko ta imel, babi babi ko a dunƙule. Duk gyaran da ya yi da jan biro ka adana, in za ka mayar da sabon ka haɗa da tsohon a fayil ɗaya, don malami na iya manta abin da ya ce ya dawo ya soke gyaran da shi ya sa ka yi, in ka nuna masa rubutunsa cikin ladabi magana ta ƙare. In kuwa gyaran ba ka yarda da shi ba, kar ka ce kuskure ya yi, ka ce Malam ban gane nan wurin ba, a ƙara min haske.

Ambulan ɗin cin hanci kuma ka bar shi a gida. Wanda ya nemi wani abu a hannunka, ko ke 'yar'uwa aka fara ce miki ki zo da yamma bayan an tashi, akwai kodinetan shirin, akwai shugaban sashe, akwai shugaban makarantar karatun gaba da digiri, ana canza sufabaiza ta hanyar rubuta takarda, kuma a ajiye saƙonnin waya kar a goge.

Yajin aiki ma ka sa shi a lissafi in jami'ar gwamnati ce, na ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU a 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In irin haka ta faru ci gaba da rubutunka a gida, da an dawo kai ne farkon ajiye fayil. Furojet ɗin sayarwa na shagunan buga takardu kuwa kar ka soma, jami'o'i da dama na zuba aiki a Turnitin, manhajar gano satar rubutu, ko ba wannan ba ranar difens, wato ranar kare aikinka a gaban malamai, tambaya biyu za a yi maka a kan babi na uku asiri ya tonu a gaban sufabaizanka. Bayan difens ɗin ma kar ka ruga wajen masu ɗaure littafi, ka kai masa gyararren kwafi ya gani ya sa hannu tukuna, ka kuma tambayi sakataren sashe launin bango da adadin kwafin da ake karɓa.