Yadda ake sasanta ɓarnar gona a jihar Tahoua

Damina ta daina zuwa kan lokaci. Idan ruwa ya ɗauke da wuri a Abalak da Tchintabaraden, tabkuna su ƙafe, garke ya gangaro kudu tun hatsi yana tsaye a gonakin Madaoua da Ƙonni. Nan ɓarna take afkuwa, kuma abin da aka yi a ranar farko shi ke yanke yadda za ta ƙare.

Da farko a duba inda gonar take. Dokar Nijar ta 1961 ta shata iyakar noma, kuma arewa da layin nan ƙasar kiwo ce, ba a biyan diyyar shuka. Haka gonar da ta cinye burtali ko ta toshe hanyar mashaya. A duba kuma ranar sakin gonaki da gwamna ke sanarwa kowace shekara: bayanta dabba na da 'yancin shiga kara.

In ɓarnar ta tabbata, mai gona kada ya taɓa dabba, kada ya je rugga da sanda. Ya kira mai gari da ardo su zo su gani a ranar, tun sawun kofato da kashi suna ɗanye. Kwana biyu iska ta shafe su, gardama ta koma "ba shanuna ba ne". A ɗauki hoto da waya.

Awo shi ne wurin da ake yawan ɓatawa. Malamin gona da na dabbobi su auna wurin da aka ci kaɗai, tsawo da faɗi, ba gonar duka ba. A ƙiyasta damin da wurin zai bayar ta duba gefen da ya tsira, a juya shi tiya, a yi kuɗi da farashin kasuwar makon. Mai gona ya kan faɗi amfanin shekarar albarka, alhali wata shekarar zangarniyar ba ta kai haka ba.

Sai a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu ko ɗan yatsa, kwamitin filaye, wato COFO, ya ajiye kofin takardar.  In mai gari ya kasa, a je wurin sarki. Kotu ba ta karɓar ƙarar sai da shaidar cewa an nemi sulhu ya faskara.