In za a yi maka tiyatar ciki da allurar baya, ka san abin da ake sa maka a ruwa

Mutane da yawa sun ɗauka da an tsira maka allurar baya shikenan an gama da ciwo. Ba haka abin yake ba fa. Allurar na kashe jiki daga wajen ƙirji zuwa ƙasa, yankan wuƙa ba za ka ji ba, amma lokacin da likita ya kama hanji ko ya jawo mahaifa waje a aikin haihuwa sai wasu su ji kamar ana murɗa musu ciki, ga tashin zuciya, har kafaɗa ta ɗau ciwo. Kuma bupivacaine, maganin da ke cikin allurar bayan, awa 2 zuwa 3 ne ya saki. Shi ya sa mai bada maganin kashe jiki ke ƙara wasu magungunan ta jijiya, ta robar ruwan nan da ke hannunka.

To naka aikin tun kafin a tura ka ciki yake farawa, ko a FMC Gusau ne ko Yariman Bakura ko asibitin garinku. In mai bada maganin kashe jikin ya zo tambayoyi kar ka ɓoye komi. Mai olsa, asma ko ciwon ƙoda ya faɗi, don diclofenac da danginsa na iya cutar da shi. Mai ciwon suga ya faɗi, dexamethasone na rage amai yana kuma jinkirta dawowar ciwo amma yana ɗaga suga. Mai hawan jini shi ma, saboda ketamine, wani maganin kashe zafi da ake sawa ta jijiya, na ƙara hawan.

Sai maganar da samari ba su son ji. In kana shan tramol ko kodin, wallahi ka faɗa mai ko a kunne ne, ba ɗan sanda ba ne. Jikin da ya saba da waɗannan ƙwayoyin, allurar kashe ciwo ta pentazocine da aka saba yi ba lallai maganin ya riƙe shi ba, yana ma iya tayar mai da ƙaiƙayin ƙwayar, sai a ga mutum na zufa yana birgima ana zaton raki ne.

A kan gadon tiyata idonka biyu, bakinka na aiki, to yi magana. Jin ana taɓawa ko ana ja ba komi, amma in zafi ne ka ce zafi, ka nuna wajen. Dauriya nan ba jarumta ba ce. Ana iya sa maka ketamine kaɗan, in ka fara ganin fitilun sama na juyawa ko kana mafarki ido buɗe kar ka tsorata, yana wucewa. Ke kuma baiwar Allah mai haihuwa, in kin ji an ce ki ɗan yi haƙuri sai an ciro yaro, ba mugunta ba ce, masu ƙarfin irin su fentanyl na ratsa mabiyiya su rage ma jariri numfashi, da an yanke cibi za a ba ki.

Parasitamol na ruwa kam kar ka raina shi, giram 1 ne ake ɗiga ma babba cikin minti 15, kuma ya fi amfani in an sa shi kafin ƙafafu su farfaɗo. Don haka da ka ji yatsu sun fara motsi a ɗakin kwanciya, mai jinya ya kira nas ya tambayi lokacin magani na gaba. Kuma kar wani ya sayo wani parasitamol daga kemis ya ƙara maka a ɓoye, ya wuce giram 4 a rana hanta yake taɓawa.